Kare ya yi kaluluwa: yadda likitocin dabbobi ke gane ko magani zai ci tun kafin a kashe kuɗi

Tun da aka kawar da amfanin gona aka shiga lokacin farauta, tambayoyin da ke shigo wa shirinmu na noma da kiwo sun ɗan sauya. Ban da maganar dusa da harawa da rigakafin bisashe, ana ta tambayarmu kan karnuka. Wadda ta fi maimaituwa, daga nan Cadawa da ƙauyukan Agye da Gazawa har Gidan Rumji, ita ce wagga: kare ya yi ƙululai ƙarƙashin muƙamuƙi da bayan gwiwa, amma yana cin abincinsa, yana gudunsa. An sayo masa magani a kasuwa, ƙululan sun sace, bayan sati uku ko huɗu sun dawo sun fi na da. A ci gaba da kashe kuɗi, ko a haƙura?

Mun san akwai wanda zai ce rediyo ta rasa abin faɗa, ana fama da tsadar hatsi ana zancen lafiyar kare. To, a tambayi makiyayin da ke kwana da tumakinsa a daji, ko mai garka da ɓarayi suka dama, ko mafaraucin da ya shekara biyu yana horar da kare guda. Addini ma ya halatta ajiye kare don farauta da tsaron dabbobi da gona, kuma ya ɗora wa mai shi haƙƙin kula da shi. Sannan cutar da za mu yi bayani tana da ƴar'uwa da ke kama yaranmu, za mu zo kanta a ƙarshe.

Mene ne kaluluwa

Kowa ya san kaluluwa. In ƙaya ta soke ka a ƙafa ta yi ruwa, sai ka ji ƙululu a matsematsi. Waɗannan ƙululai suna nan a jiki kullum, ƙanana ne dai ba a jin su. Aikinsu kamar na shingen jami'an tsaro a bakin gari ne: duk ruwan da ke yawo cikin tsoka sai ya bi ta cikinsu, su tace shi, su tare ƙwayoyin cuta. A cikinsu akwai fararen ƙwayoyin jini masu yaƙi da cuta. In yaƙi ya tashi sai su ƙaru, kaluluwa ta kumbura ta yi zafi. In yaƙi ya ƙare ta koma yadda take.

Kare ma haka yake. Wuraren da hannu ke iya taɓa nasa su ne ƙarƙashin muƙamuƙi, gaban kafaɗa, hammata, matsematsi da bayan gwiwar ƙafar baya.

Wani lokaci waɗannan fararen ƙwayoyin su ne da kansu ke lalacewa, su yi ta hayayyafa babu tsayawa alhali babu wata cuta da suke yaƙa. Wannan shi ne sankarar kaluluwa, likitoci na ce mata limfoma. Tana cikin ciwon dajin da ya fi yawa a karnuka, kuma ta fi kama masu matsakaicin shekaru, daga 6 zuwa 9. A cikin karnuka 10 masu ita, wajen 8 da kumburin kaluluwar waje suke fara nunawa. Ƙululan sukan yi tauri kamar roba, su fito dama da hagu a lokaci guda, kuma in ka matsa kare ba ya kuka. Wannan rashin zafin shi ke yaudarar mutane. Sauran karnukan kuwa a hanji take kama su, su yi ta amai da zawo suna ramewa, ko a ƙirji numfashi ya yi wuya, ko a fata.

Ba ta yaɗuwa. Kare mai limfoma ba ya shafa wa mutum, ba ya shafa wa ɗan'uwansa kare, ba ya shafa wa akuya.

Kafin a ce sankara ce

A ƙasarmu akwai cututtukan da ke kumbura wa kare kaluluwa waɗanda suka fi sankara yawa nesa ba kusa ba, kuma suna warkewa da kuɗi kaɗan. Ta farko cutar kaska ce. Kaskar kare na ɗauke da wata ƙwayar cuta da ke shiga jini ta kawo zazzaɓi, kasala, kumburin kaluluwa, wani lokaci har haɓo. Maganinta doksisikilin ne na tsawon kwana 28, in an kama ta da wuri kare yakan tashi garau.

Ta biyu sammore. Makiyaya sun san shi a shanu da raƙuma, amma kare ma yana kamuwa, ko ta cizon ƙudan tsando in an yi kudu da shi cikin Najeriya, ko ta cin ɗanyen naman dabbar da cutar ta kashe. Alamar da ta fi fitowa fili ita ce idon kare ya yi fari-fari kamar an shafa masa nono. A nan muna jan kunne: allurar sammore da ake yi wa shanu, irin su Berenil, tana da haɗari ƙwarai ga kare. In aka ɗara awo kaɗan tana taɓa ƙwaƙwalwa ta kashe shi. Kada wanda ya saba yi wa sa ya ce ai ya iya.

Sai kuma abu mai sauƙi: ruɓaɓɓen haƙori, cizon wani kare, miki a tafin ƙafa. Irin wannan kaluluwa ɗaya ce ke kumbura, ta kusa da ciwon, kuma tana zafi.

Yadda ake rarrabewa bai da wuya kamar yadda ake zato. Likitan dabbobi zai soka siririyar allura cikin ƙululun, ya zuƙo ɗan abin da ke ciki, ya shafa a gilashi, ya sa masa launi, ya duba a madubin likita. Ba a sa kare barci, ba a yanka. Kaluluwar da ke yaƙi da cuta za a ga ƙwayoyi iri-iri a cikinta, manya da ƙanana. Ta sankara kuwa kusan duka iri ɗaya ne, manya-manya, kamar an buga su da hatimi guda. Da ɗigon jini kuma ana iya ganin ƙwayar sammore tana motsi. Duk wani hasashe da za a yi kan magani daga nan yake farawa, domin in ba a san sunan cuta ba, duk abin da aka faɗa canki ne.

Abin da magani ke iya yi

A ce an tabbatar limfoma ce. In ba a yi komai ba, yawancin karnuka ba sa wuce sati 4 zuwa 6 daga ranar da aka gano ta. In aka ba da ƙwayar firednizon kawai, wadda ke da araha, kare zai ji sauƙi, ƙululai su ragu, ya samu wata ɗaya zuwa uku.

Cikakken magani a ƙasashen da suka ci gaba haɗin magunguna 4 ne da ake kira CHOP: binkiristin, siklofosfamid, doksorubisin da firednizon. Daga asibitin mutane aka aro shi, don tun shekarun 1970 ake yi wa masu limfoma shi. Tsarin da ya fi shahara a karnuka na jami'ar Wiskonsin ne a Amurka, ana yin sa sati 25, da farko kowane sati, daga baya sati bibbiyu. Ana ba kare awo ƙasa da wanda ake ba mutum in an kwatanta, shi ya sa kaɗan ne ke galabaita har a kwantar da su. Yawancinsu kuma gashi ba ya zubewa.

A ɗauki karnuka 100 a yi musu wannan magani. Tsakanin 80 da 90 ƙululansu za su ɓace gaba ɗaya, wanda bai sani ba ya rantse ba su taɓa ciwo ba. Bayan shekara guda kimanin rabinsu ne ke raye. Bayan shekara 2, saura 20 zuwa 25. Kaɗan ne ƙwarai cutar ba ta sake dawo musu.

Ga manomi wannan ba baƙon abu ba ne. Ka tuge ƙuduji a gonar hatsi tas, gona ta yi kyau, amma irinsa na cikin ƙasa, baɗi sai ya tsiro. Haka ƙwayoyin sankara suke. Magani na kashe mafi yawansu, ƴan kaɗan da suka jure su ne ke sake hayayyafa, kuma ɗiyansu sun gaji juriyar. Shi ya sa in cutar ta dawo aka sake magani, sauƙin na biyu yakan fi na farko gajarta. Likitoci na bambanta lafawar cuta da warkewa, kuma abin da suke yi wa mai kare alkawari lafawa ce.

Wane kare ne zai kai shekara, wane ne ba zai kai ba

A nan hasashe ke shigowa. Tun da cikin ɗarin nan wasu wata 3 suke yi wasu shekara 3, likitoci sun daɗe suna neman alamun da za su nuna tun ranar farko inda kowane kare zai faɗa.

Alamar da ta fi ƙarfi ita ce irin ƙwayar da ta lalace. Fararen ƙwayoyin da ke cikin kaluluwa gida biyu ne, ana ce musu B da T. Kusan kashi biyu cikin uku na limfomar karnuka daga gidan B take, kuma ita ce ta fi jin magani, alƙaluman shekara guda ɗin nan galibi nata ne. Ta gidan T ta fi taurin kai: ba ta cika lafawa gaba ɗaya ba, tana saurin dawowa, kuma rabin karnukan da ke da ita ba sa wuce wajen wata 6 ko da an yi cikakken magani. Ido ba ya iya raba B da T, ko a madubin likita. Sai an kai samfurin ɗakin bincike mai kayan aiki na musamman. Abin mamaki, a cikin gidan T ɗin akwai wata iri mai tafiyar hawainiya, kare kan shekara biyu ko fiye da ita, wani lokaci ba tare da an yi masa maganin sankara ba. Don haka harafin kaɗai bai yanke hukunci, sai an haɗa da girman ƙwayoyin da saurin rabuwarsu.

Alama ta biyu ita ce ta fi mana amfani a nan karkara, don ba ta bukatar na'ura ko ɗaya. Shin ranar da aka kawo kare yana jin kansa lafiya, ko ya riga ya kwanta? Wanda ke ci, yana kaɗa wutsiya, yana bin mai shi gona, ƙululai ne kawai suka nuna, likitoci na sa shi a rukunin "a". Wanda ya daina ci, ya rame, yana amai ko zazzaɓi, rukunin "b" ne. Bincike bayan bincike ya nuna na rukunin "a" sun fi daɗewa sosai. Ka ga ke nan ranar da mai kare ke cewa bari mu gani tukuna ai yana cin abinci, ita ce ranar da magani ya fi yi masa aiki.

Akwai kuma mataki, wato inda cutar ta kai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tsarin matakai 5 na dabbobin gida a 1980. Na 1 kaluluwa guda ce, na 2 kaluluwa da yawa a sashe ɗaya na jiki, na 3 ko'ina, na 4 ta shiga hanta ko saifa, na 5 ta kai jini da ɓargo ko wasu sassa. Yawancin karnuka a mataki na 3 ko na 4 ake ganinsu, kuma tsakanin waɗannan biyun bambancin bai taka kara ya karya ba. Na 5 ne ya fi muni. Mutane kan tsorata da jin mataki na 4, alhali kare mai mataki na 4 da ke cin abincinsa kuma cutarsa ta gidan B ce ya fi mai mataki na 3 na gidan T da ya kwanta fatan alheri.

Sai ƙishirwa. In kare ya koma shan ruwa kamar raƙumi yana fitsari ba ƙaƙƙautawa, sau da yawa sinadarin kalsiyam ne ya hau a jininsa. Wannan ya fi zuwa tare da gidan T, musamman in akwai ƙari a ƙirji, kuma yana lalata ƙoda. Alama ce mara kyau. Haka in ka ɗaga leɓensa ka ga dasashi ya yi fari saboda ƙarancin jini. Limfomar hanji ita ma ba ta jin magani kamar ta kaluluwar waje.

Ta ƙarshe ba a saninta sai an fara: yadda jiki ya karɓi allurai na farko. Karen da ƙululansa suka ɓace tas cikin makonnin farko ya fi wanda nasa suka ragu rabi kawai nisan kwana, in Allah ya yarda.

Duk wannan kamar hasashen damina ne da ma'aikatar yanayi ke bayarwa kafin shuka. In an ce bana ruwa zai wadata a jihar Maraɗi, ba a ce gonarka ta gabas da gari ba za ta ga fari na kwana 15 ba. Amma mai hankali da shi yake zaɓar irin da zai shuka. Likita bai san ranar mutuwar kare ba, abin da yake iya faɗa maka shi ne karnuka ɗari masu irin alamun naka yaya suka ƙare.

Maganin tebur

Mu koma kan tambayar masu saurare, ƙululan da suka sace suka dawo. A kowace kasuwar ƙauye akwai mai tebur ko mai kwali a ka da ke sayar da dekza, ƙwayar nan da wasu ke sha don su yi ƙiba, wasu kuma ke ba dabbar da ta ƙi ci. Dekza da firednizon gida ɗaya suke. Suna kashe wani kaso na ƙwayoyin limfoma da sauri, shi ya sa cikin kwana biyu uku sai ka ga kumburi ya faɗa, mai kare ya yi ta sa wa mai tebur albarka.

Ɓarnar iri biyu ce. Ta farko, in aka kai kare wajen likita bayan ya sha dekza, allura ba ta samun ƙwayoyin da za a gane cutar da su, sai gwaji ya fito babu tabbas. Ta biyu ta fi muni: karnukan da suka daɗe suna shan irin wannan ƙwaya kafin a fara cikakken magani, an lura sauƙinsu ya fi gajarta, domin ƙwayoyin da suka rage sun koyi fitar da magani daga cikinsu, har da magungunan da ba su taɓa gani ba. In kuma tun farko ba sankara ba ce, cutar kaska ce ko sammore, dekza na karya garkuwar jiki ta ƙara wa cutar ƙarfi. Ta kowace fuska dai asara ce. A ganinmu, cikin duk abubuwan da ke nuna yadda magani zai kasance, wannan ne kaɗai ke hannun mai kare ɗari bisa ɗari: kada a ba da komai kafin malamin dabbobi ya gani. In kuma an riga an bayar, a faɗa masa gaskiya, a tafi da kwalin, a gaya masa kwana nawa aka yi ana ba shi.

Can da nan

Ƴan'uwanmu da ke Turai da Amurka sun ga yadda ake kai kare asibiti kamar ɗan gida. Can cikakken maganin limfoma na cin dubban daloli, dalar Amurka fa, ba dalarmu ta kasuwa ba, wato miliyoyin sefa. Saboda tsadar ne ma suka matsa wa hasashe, don mutum na son sanin abin da zai samu kafin ya biya. A 2021 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da sababbin magunguna biyu na limfomar karnuka, allurar Tanovea da ƙwayar Laverdia. Akwai kuma wani kamfani a jihar Kalifoniya mai suna ImpriMed da ake aika wa ƙwayoyin sankarar kare da ransu. Sai su rarraba su, su gwada musu magunguna daban-daban a ɗakin bincike, su haɗa sakamakon da bayanan karnukan da aka yi wa magani a baya, kwamfuta ta lissafa wanda ya fi dacewa da wannan karen. Masana na bin wannan aiki da kyau saboda limfomar gidan B ta kare ta yi kama ƙwarai da wadda ta fi yawa a manyan mutane, abin da aka koya a ɗaya yakan amfani ɗayan.

A nan gida maganar gaskiya ita ce sati 25 na allurai masu tsada, da gwajin jini kafin kowace allura, ba abin da mafaraucin ƙauye zai iya ba ne, kuma ba mu ga laifin wanda ya ce kuɗin buhun hatsin iyalinsa ba zai tafi nan ba. Ma'aikatan kiwo na gundumomi da likitocin dabbobi masu zaman kansu da mataimakansu na ƙauyuka, ƙarfinsu ya fi karkata ga shanu da awaki da tumaki da rigakafin shekara-shekara. Babban ɗakin binciken dabbobi na ƙasa, LABOCEL, yana Yamai. Akwai asibitocin koyarwa na likitan dabbobi a jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato da jami'ar Ahmadu Bello a Zariya.

Amma ko a haka hasashen na da amfani. Malamin dabbobi na iya duba jini ya fitar da kaska da sammore, waɗanda ke warkewa. In alamu sun nuna limfoma ce, mai kare ya san gaskiya, ya daina zuba kuɗi wajen masu tebur da masu turare. Lokacin ne firednizon ke da wurinsa, bisa awon likita, don kare ya samu sauƙi a kwanakin da suka rage masa, a ba shi inuwa da ruwa da abinci mai laushi, a daina fita farauta da shi. In wahala ta yi yawa, likita na da allurar da ke kawo ƙarshenta ba tare da azaba ba. Ya fi a kai shi bayan gari a yar.

Sankarar da ke warkewa

Kada a ɗauka duk ciwon dajin kare haka yake. Akwai wani da kowa ya taɓa gani a karnukan da ke yawo: tsiro ja mai kama da kan farin kabeji a al'aurar kare ko karya, yana ɗigar da jini. Wannan sankara ce da ke bin barbara daga kare zuwa kare, ƙwayar sankarar ce da kanta ke tsallakawa ta kama. Wani likitan dabbobi ɗan Rasha, Novinsky, shi ya fara nuna haka a 1876, kuma binciken da Elizabeth Murchison ke jagoranta a jami'ar Kambirij ta Ingila ya nuna duk wadda ke duniya yau daga jikin kare guda ta samo asali, shekaru dubbai da suka wuce. Ba ta kama mutum.

Munin ganinta ya sa ake korar kare ko a kashe shi, alhali ita ce ta fi kowace jin magani. Allurar binkiristin sau ɗaya a sati, sati 4 zuwa 6, tana warkar da fiye da 9 cikin 10, warkewa ta har abada. Binkiristin ɗin nan daga wani ɗan fure mai ruwan hoda ake samo shi, ɗan asalin Madagaska, irin wanda ake shukawa a ƙofar ofisoshi don ado. Wannan ba ya nufin a dafa furen a ba kare, guba ne. Allurar ma sai ƙwararre, don dole ta shiga cikin jijiya sosai, in ta zuba a gefe tana cinye naman wurin. Mace mai ciki da yara su nisanci fitsari da kashin karen na ƴan kwanaki bayan kowace allura.

Kuma duk karen da halinsa ya sauya farat ɗaya, yana dalalar da miyau, yana cizon abin da ya samu, ko muƙamuƙinsa ya saki, kada a sa hannu a bakinsa da sunan laluben kaluluwa. Wannan maganar haukan kare ce. A tsare shi, a kira ma'aikatan kiwo. Wanda ya ciza ya wanke wurin da ruwa da sabulu minti 15 ya nufi asibiti a ranar.

Ƴar'uwarta a jikin yara

A 1958 wani likitan tiyata ɗan ƙasar Ailan, Denis Burkitt, da ke aiki a asibitin Mulago na Kampala a Yuganda, ya ba da bayanin wani kumburin muƙamuƙi da yake ta gani a yara. Daga baya aka gane limfoma ce ta gidan B, aka sa mata sunansa. Ta fi yawa a yankunan Afirka da zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu, kuma tana da alaƙa da wata ƙwayar cuta da aka gano a 1964 a cikin samfurin wannan ƙarin. Ta fi kama yara ƴan shekara 4 zuwa 7, maza sun fi mata. Ba daga kare ake ɗaukarta ba, kada a haɗa.

Tana cikin sankarar da ta fi kowace saurin girma a jikin ɗan Adam, ƙarin na iya ninkawa cikin kwana ɗaya zuwa biyu. Wannan saurin ne kuma ya sa take jin magani, har da siklofosfamid da binkiristin ɗin da muka ambata. Bambancinta da ta kare babba ne: a yara ana neman warkewa ce gaba ɗaya, kuma ana samu. A ƙasashe masu ƙarfi wajen yara 9 cikin 10 na warkewa. A Afirka adadin ya yi ƙasa da haka sosai, kuma manyan dalilan su ne zuwa a makare, tamowa, da yanke magani a tsakiya in iyaye suka ga kumburi ya sace. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin cututtukan daji 6 na yara da take son a kai warkewar kashi 60 cikin 100 nan da 2030.

Abubuwan da ke nuna yadda yaro zai ƙare kusan su ne na ɗazu: girman ƙarin ranar da aka zo, ko ya kai ɓargo da ƙwaƙwalwa, ƙarfin jikin yaron, da ko an kammala magani. Yawanci ana ɗaukarta hangum ne ko ciwon haƙori. Hangum na sacewa cikin sati ɗaya zuwa biyu. In kumburin fuska ko muƙamuƙi na ƙaruwa kullum, haƙora na girgiɗa ba lokacin famfara ba, ido na turowa waje, ko ciki na girma da tauri, kada a kai wa wanzami ya yi sakiya ko tsaga, kada a cire haƙorin, kada a ba da dekza. A kai yaro asibitin da ya fi kusa a nemi takardar turawa zuwa Maraɗi, daga can in da bukata a wuce Yamai, inda cibiyar yaƙi da ciwon daji ta ƙasa take. Ƴan'uwa da ke ci-rani a Legas, Abijan, Libiya ko Aljeriya, in aka turo muku hoton yaro da irin wannan kumburi ta WhatsApp, kuɗin mota za ku fara aikowa, a ranar.